Direban da ba ya tuƙa mota

Akwai maganganu biyu da kusan duk malamin da ya taɓa kai kwamfuta wurin gyara a Tawa ya ji da kunnensa. Ta farko ita ce "sai an formate ta", wato a share duk abin da ke ciki a sake ɗora mata Windows. Ta biyu ta fi ta farko ɗaci: "diskin ya mutu, sai an sayi sabo." Ga wanda bai ajiye komai a na'urarsa ba sai fina-finan Kano da bidiyon kokawa, wannan maganar kuɗi ce kawai, ya biya a wuce wurin. Kwamfutar makaranta kuwa ba haka take ba. Abin da ke cikinta ba na malami ba ne, ba na direkta ba ne, na 'ya'yan mutane ne. Shi ya sa nake son 'yan uwana malamai da iyayen yara su san wani ƙaramin abu da ake kira direban rumbun ajiya, domin sau da yawa diskin da aka riga aka yi wa sallar gawa yana nan da ransa, mai yi masa tafinta kawai ya rasa.

Ina koyar da lissafi a wata kwalejin ƙauye, irin wadda muke kira CEG, arewa da Tawa, ɓangaren Barmu. Kwamfuta ɗaya tak gare mu, ta tafi-da-gidanka, ita ma ba daga wani ofishi ta zo ba. Kowa ya san Adarawa da cirani. 'Yan garin da ke neman kuɗi a Abijan ne suka yi karo-karo suka saya, wani da ya zo ganin gida ya miƙa wa direkta a gaban iyayen yara. Da yake ni ne mai lissafi, sai aka ɗauka ni ne kuma mai kwamfuta, aka ɗora mini riƙonta.

Abin da ke cikinta a watan Fabrairu, ƙarshen zangon karatu na farko, shi ne makin dukkan azuzuwa daga sizyem zuwa torazyem, da jerin sunayen masu zana jarrabawar birbe, da hotunan takardun haihuwarsu. Wanda bai yi koyarwa a ƙauye ba zai ga kamar takardar haihuwa ba wani abu ba ce. Yara da yawa a gida aka haife su, ba a rubuta su ko'ina ba, sai lokacin jarrabawa uba zai sayar da akuya ya hau mota ya je wurin alƙali da shaidu a yi masa takardar da ke maye gurbinta. Mun ɗauki hoton kowace ɗaya, mun gyara rubutun sunaye harafi bayan harafi, don Mahamadu da aka rubuta da wasali ɗaya a nan, da wani wasali a can, yana iya zama mutum biyu a idon hukuma.

Ƙarshen kowane wata muke kwafe komai a kle, to amma makin zangon duk a cikin makonni ukun da suka biyo bayan kwafin ƙarshe aka shigar da shi. Yawancinsa yana nan a littattafan malamai, ana iya sake bugawa ko da za a kwana uku ana yi. Sai dai malamin kimiyya an yi masa canjin wurin aiki zuwa can arewa, ya tafi da littafinsa, wayarsa kuma ba ta shiga. Makin azuzuwa huɗu na darasinsa babu shi ko'ina sai a cikin wannan na'ura. A wurinmu maki ba lamba ba ce kawai. Wanda ya samu 10 bisa 20 ya wuce, wanda ya gaza ya maimaita aji ko a sallame shi. Yaro namiji da aka sallama ya kama hanyar Abijan ko Libiya. Yarinya kuwa, duk malamin ƙauye ya san abin da ke jiran ta a gida idan sakamako ya fito babu kyau, ko ya ƙi fitowa sam.

Ƙauyen babu wutar lantarki, da farantin rana da batir muke caji. Lokacin hazo ne, rana ta yi laushi, ƙura ta rufe farantin. Wani dare da aka haɗa kwamfutar da intanet ta waya don aika wasiƙa, sai Windows ta kama sabunta kanta, abin da masu gyara ke kira mizajur, ta rubuta kada a kashe ta. Ba wanda ya kashe ta. Caji ne ya ƙare aiki na tsakiya. Da safe aka kunna, allo ya yi shuɗi, ta ce tana gyaran kanta, ta mutu, ta tashi, ta sake cewa tana gyaran kanta. Haka ta yi ta zagaye kamar raƙumin da ya ɓata a daji.

Ranar Asabar na shigo Tawa da ita. Mai gyaran da na fara zuwa wurinsa saurayi ne mai fara'a. Ya sa kle ɗinsa mai ɗauke da Windows, ya tayar da na'urar da shi, muka iso shafin da ake zaɓar inda za a ɗora manhajar. A nan ne ya kamata sunan diski ya fito da girmansa. Babu komai, fari fat. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa ba a sami wani rumbu ba, in ana son direbansa a latsa "Charger un pilote". Ya cire kle ɗin ya mayar, ya sake gwadawa, ya girgiza kai.

"Mushe, wannan diskin ya tafi. Sabo jaka 30 ne, da aikina. Kafin la'asar ku zo ku ɗauka."

Na ce, "To abin da ke ciki fa, ƙanena?"

Ya ce, "Sai haƙuri, Mushe."

Ban ga laifinsa ba, kuma ba na son a ga laifin masu irin sana'arsa. A kan tsofaffin kwamfutoci suka koyi aiki, waɗanda in ka sa kle diski ke fitowa nan take, in bai fito ba to da gaske ya lalace. Ban da haka, ana biyan mai gyara ne don na'ura ta tashi, ba don takardun wani yaro na ƙauye su tsira ba. Formate awa ɗaya ce, ceton abin da ke ciki kuwa yana iya cin yini, kuɗin kuma ɗaya ne. Amma akwai abin da ya hana ni amincewa. Kafin ya sa kle ɗin, ya shiga wancan shafin na farko da ake kira BIOS, inda kwamfuta ke lissafa gaɓoɓin jikinta, kuma da idona na ga sunan diskin da lamba 256 a gabansa. Na san diski mai ciwo ma yana iya faɗin sunansa, wannan ba cikakkiyar hujja ba ce. Sai dai abin tambaya ne: ta yaya jikin na'ura ke ganin rumbu, amma Windows ɗin da ke kan kle ta ce babu shi? Na biya shi kuɗin dubawa, na ɗauki kayana.

A nan ya kamata in yi bayanin abin da na fahimta daga baya, don shi ne gindin maganar. Windows ba ta magana da gaɓoɓin kwamfuta kai tsaye. Kowace gaɓa, allo ne, lasifika ce, rumbun ajiya ne, tana da wata 'yar manhaja da ke tsakaninta da Windows tana fassara. Masu Ingilishi suna ce mata direba, masu Faransanci suna cewa pilot. In lasifika ta rasa nata, kwamfuta za ta yi aiki ba sauti. In rumbu ya rasa nasa, komai ya tsaya, tun da can ake ajiye komai. Ku dubi rumbunan laka na Adar, waɗanda bakinsu ke can sama ƙarƙashin jinka. Wanda ya tsaya a ƙasa babu tsani ba zai ga ko ƙwayar hatsi ba, amma wannan bai ba shi damar rantsuwa cewa rumbun fanko ne ba.

Me ya sa matsalar ta fi kama sababbin kwamfutoci? Da can diski faifai ne mai juyawa, da hanyar magana guda wadda Windows ta riga ta sani. Na yanzu, wanda ake kira NVMe, wani ɗan falle ne da bai kai tsawon yatsa biyu ba, milimita 22 a faɗi, 80 a tsawo. Daga tsara ta 11 ta ƙwaƙwalen Intel, wadda ta fito a 2020, kwamfutoci da yawa suna zuwa da wani tsari a kunne mai suna VMD, wanda ke zama kamar mai gadi tsakanin Windows da rumbun. Windows ɗin da masana'anta ta ɗora tana da direban mai gadin a jikinta. Amma wadda ke kan kle ɗin mai gyara sau da yawa ba ta da shi, sai ta iso ƙofa ta ga kamar bango ne. Ba sabon al'amari ba ne ma. Zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, akan latsa F6 a ba ta direban rumbu daga ƙaramin faifan nan mai kusurwa huɗu, shi ya sa har yau ake kiran irin wannan direba da sunan F6, ko da yake yaran yanzu ba su taɓa ganin faifan ba.

Wadda ta buɗe mini ido tsohuwar ɗalibata ce, yanzu tana karatu a Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa. Na kira ta na yi mata bayani. Ba ta tambaye ni komai game da shuɗin allo ba, cewa ta yi, "Mushe, ku juya ta ku ɗauko mini hoton takardar da ke manne a ƙasanta, sannan ku karanta mini lambar ƙwaƙwalwarta." Lambar ita ce i5-1135G7. Ta ce lambobi biyun farko bayan layin su ne tsara, wato 11, ta ce in zo gidansu da kle biyu.

A zauren gidansu muka zauna bayan azahar. Mahaifinta ya zo muka gaisa, ya ji muna ta maganar neman direba, ya saurara har ya gaji, sannan ya ce, "Malam, in direba kuke nema ai maƙwabcina na nan, kullum yana Ƙonni, mutum ne mai amana." 'Yarsa ta rufe baki da mayafi. Na ce masa, "Baba, wannan direban ba ya cin tuwo." Ya ce to Allah ya sawwaƙe, ya aiko mana da shayi.

Samun direban bai zo da sauƙi ba, don ba kowane ne ke shiga ba. Akwai wanda take da shi a ajiye, na kwamfutar wata ƙawarta mai tsara ta 8. Muka latsa "Charger un pilote", muka nuna wa Windows inda yake, ta ƙi ko nuna sunansa, domin akwai wani ɗan akwati a ƙasa da ke ɓoye duk direban da bai dace da na'urar ba. Sunan gidansu ɗaya, Intel RST, amma na tsara ta 8 bai san mai gadin tsara ta 11 ba. Ta ce kada a cire alamar akwatin don a tilasta masa, na kuwa yarda.

Sai muka shiga intanet ta waya, nan ne kuma mutum ke iya faɗawa rami. Da ka rubuta sunan kwamfutarka da kalmar direba, shafuka ne za su taso maka rututu, kowane da babban maɓalli kore yana cewa latsa nan in gyara maka komai. Yawancinsu talla ne, wasu ma ƙwayar cuta za su zuba maka, ga mega na ƙonewa. Wuri biyu kawai ta yarda da su: shafin Intel da shafin masana'antar da ta ƙera kwamfutar. A na farko muka sauke fayil mai suna SetupRST.exe, muka kwafa a kle, Windows ta ce ba ta ga komai ba. Dalili shi ne irin wannan fayil ɗaurarren ƙunshi ne, sai a cikin kwamfuta mai rai yake buɗuwa, alhali shafin da muke kai fayil mai ƙarewa da .inf yake nema. Dole a kwance ƙunshin a wata kwamfutar tukuna, a kwashe abin da ke ciki. A ƙarshe shafin masana'anta muka koma, ta rubuta lambar samfurin da ke kan takardar nan ta ƙasa, ta sauke direban da aka ware wa wannan samfuri, ta kwance shi a kwamfutarta, ta zuba a kle. Wannan karon sunaye suka fito, ta zaɓi mai VMD da lamba 9A0B. Wani koren layi ya yi tafiya daga hagu zuwa dama, sai ga diskin ya bayyana da rabe-rabensa, yana nuna gurbin da aka cika da wanda ya rage. Duk direban da ya tsayar da mu yini guda bai kai nauyin gajeren bidiyon biki da ake turawa ta WhatsApp ba.

Wurin da ya fi ko'ina haɗari shi ne daidai wannan lokaci na murna. Ƙarƙashin sunan diskin akwai "Supprimer" da "Formater" a jere, hannu kuma yana ƙaiƙayin ya ci gaba. Sauri ya haifi nawa. Ba mu taɓa ko ɗaya ba. Ta latsa Shift da F10 tare, baƙin allo ya fito, ta rubuta notepad, ta shiga wurin buɗe fayil, ta mayar da shi ya nuna kowane irin fayil, daga nan ta riƙa kwafe dosiye ɗaya bayan ɗaya zuwa kle na biyu. Muka buɗe su a kwamfutarta don tabbatarwa. Ga makin kimiyya na azuzuwa huɗu, ga takardun haihuwa, babu wadda ta yi ciwon kai. Sai bayan nan aka sake ɗora Windows, da wannan direban dai. Ranar Litinin na koma ƙauye, aka buga sakamako aka raba a ranar da aka sa.

Akwai gajeriyar hanya da wasu masu gyara suka gano: su shiga BIOS su kashe VMD ɗin, diski ya fito ba tare da direba ba. Tana aiki a kwamfutoci da yawa, musamman in sabuwar Windows za a ɗora. Amma Windows ɗin da aka ɗora da shi a kunne takan ƙi tashi in aka kashe shi, kuma akwai na'urori masu wani nau'in rumbu da ake kira Optane, waɗanda taɓa wannan saiti ke iya raba su da abin da ke ciki. Ba wurin gwaji ba ne ga wanda ke riƙe da amanar mutane. In kuma ta tabbata sai an sa sabon diski, ku karɓi tsohon ku tafi da shi gida. Akwai ɗan kwanson da ake saka shi ciki a karanta shi kamar kle a wata kwamfutar.

A hanyar komawa, a bayan mota cikin buhunan hatsi, yaran ajin farko na firamare na tuna. Yaro ya zo daga gida da Hausa ko Tamajak cike da baki, ya san sunan kowace tunkiya a garkensu, ya iya canjin dala da jaka a kasuwa, sai a tambaye shi da Faransanci ya yi shiru, a rubuta cewa ba ya gane komai. Mu malamai mun sha yanke hukuncin da saurayin nan ya yanke wa diskina. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin makarantun da ke koyarwa da harshen gida, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma na'urar da ke riƙe da makin yaran har yanzu da Faransanci take kuka. Abin ya ƙara rikicewa da rabuwar da muka gada: mai gyara a Tawa pilot ya sani, ɗan uwansa na Sakkwato ko Kano direba ya sani, saboda haka bayanin da wani ya yi da Hausa a YouTube daga can ba ya faɗowa hannun mai nema daga nan, don ba da kalma ɗaya suke nema ba.

Ga iyaye kuma akwai wata magana, tun da yawancin kwamfutocin gidajenmu daga hannun ɗa ko ƙane da ke waje suke zuwa. Sababbin na'urori da yawa suna kulle diski da kansu da wani makulli mai suna BitLocker idan aka shiga da asusun Microsoft. Kullum ba za ka san yana nan ba, sai ranar da matsala ta faru ya nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda ke ajiye a asusun mutumin da ya fara shiga. In shi ne ɗanka da ke Abijan, kira ɗaya ya isa. In kuwa daga hannun wani baƙo ya saye ta a kasuwa, ko an sami direban da ya dace ƙofar ba za ta buɗe ba. Tamu ba ta da wannan kulle, shi ya sa muka shiga. Yanzu a shafin farko na rajistar makaranta an rubuta lambar samfurin kwamfutar da tsarar ƙwaƙwalwarta, direban kuma yana cikin wani kle da ke aljihun teburin direkta. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane da yawa za su kai na'urorinsu a ɗora musu Windows 11, kuma wannan farin shafi zai riƙa fitowa a shagunan gyara fiye da da.

Labarin ya bazu tsakanin malamai, har ya fara sauya kama. Makon jiya wani direkta daga wajen Keita ya aiko mini da saƙon murya, ya ce ya ji ina da maganin da ke tayar da mataccen diski, in turo masa. Na ce ya fara turo mini hoton takardar ƙasan kwamfutar da na tambarin da ke kusa da madannai. Hoton ya zo, tambarin na AMD ne, wato direban da ke hannuna ba nasa ba ne ko kusa. Da na sa shi ya shiga BIOS kuma, ya ce bai ga sunan wani diski ba. Wannan alama ba ta yi mini daɗi ba, ko da yake wani lokaci ɗan fallen ne kawai ke zamewa daga gurbinsa saboda girgizar hanya. Na ce ya naɗe ta a zane kada ƙura ta ƙara shiga, kada ya bari kowa ya latsa komai, ya shigo da ita ranar Lahadi a motar kasuwa.